Wasiƙa: Yadda Iron Maiden ta gina sunanta a kan dandamali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi bayani kan wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Ingila mai suna Iron Maiden, wadda shekarunta 50 da kafuwa suka cika a watan Disamba na 2025. Duk sanda aka ambaci irin kiɗansu, wanda ake kira hebi metal, hukuncin da akan yanke a wajenmu bai wuce kalma biyu ba, hayaniya da shaiɗanci. Mai wannan ra'ayi yana da abin kafa hujja, kuma zan zo kansa. Sai dai a bayan hayaniyar akwai sana'a mai ƙa'ida, da lissafi, da haɗarin da ke cin rai idan aka yi sakaci, kuma duk mai harkar shirya taro ko kiɗa ko fim zai ƙaru da sanin yadda take. Ƙungiyar nan ba gidajen rediyo ne suka ɗaga ta ba. Dandamali ne ya ɗaga ta, dare bayan dare.

Steve Harris ne ya kafa ta ranar Kirsimeti ta 1975 a unguwar Leyton da ke gabashin Landan, yana da shekara 19. Mai kaɗa jitar bes ne, wato jitar nan mai tsarkiya huɗu da kaurin murya, kuma ya koyi zanen gine-gine kafin nan. Sunan ƙungiyar na wani akwatin ƙarfe ne mai ƙusoshi a ciki da ake cewa an yi azabtarwa da shi a Turai a zamanin da. Wasansu na farko sun yi shi ne ranar 1 ga Mayu 1976, daga nan suka riƙa zagaya ƙananan mashayu na gabashin birnin. Tun a lokacin an ga inda Harris ya dosa. Mawaƙinsu na farko, Paul Day, yana da murya, amma aka sallame shi saboda ba ya motsa jama'a. Wanda ya gaje shi, Dennis Wilcock, yakan shafa fenti a fuska, ya sa takobi a baki, jinin ƙarya yana zuba. A shekarun 1976 da 1977 kiɗan fank (punk a Turance) ne ke tashe a Landan, kamfanonin faifai kuma shi suke nema, gajerun waƙoƙi da gajeren gashi. Harris ya ƙi sauya salo, ya ci gaba da zama babu kwantiragi har ƙarshen 1979.

A waɗannan shekarun na rashi aka haifi Eddie, dodon da ya zama tambarin ƙungiyar. Asalinsa fuska ce kawai da aka ƙera da jiƙaƙƙiyar takarda da gam, aka rataye a jikin allon da ke ɗauke da sunan ƙungiyar, daidai saman kan mai ganga. Mai kula da fitilunsu, Dave Beazley, ya samo ɗan famfon da ake sa wa tankin kifin ado, ya haɗa shi da siririn tiyo zuwa bakin fuskar. A waƙar ƙarshe sai ya kunna, jan ruwa ya kwararo a kan mai ganga Doug Sampson. Daga baya aka ƙera wata babba da faiba, idanunta na walƙiya, bakinta na fitar da jan hayaƙi. Kuɗin da aka kashe bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya gani yakan koma gida da labarin da zai ba abokinsa, abokin kuma ya zo mako na gaba. Gani ya kori ji.

A ƙarshen Disamba 1978 suka tafi wani ɗakin ɗaukar murya a Kambirij, suka naɗi waƙa huɗu a kan fam 200. Ba su da kuɗin sayen uwar tef ɗin a ranar, da suka dawo karɓa sai suka tarar an goge an naɗi wani abu a kai. Kaset ɗin da suka tafi da shi gida shi kaɗai ya rage. Shi suka kai wa Neal Kay, mai sa faifai a wani gidan rawa a arewa maso yammacin Landan, masu zuwa wurin suka riƙa neman a maimaita, har ya hau saman jerin waƙoƙin da mujallar Sounds ke bugawa daga gidan. A Nuwamba 1979 suka buga uku daga cikin waƙoƙin a ƙaramin faifai da kuɗinsu, kwafi 5,000, ana aikawa ta gidan waya. Manyan shaguna suka nemi a ba su 20,000, manajansu Rod Smallwood ya ƙi, ya ce na masoyan farko ne. A ganina wannan na daga cikin shawarwari mafi hikima da ya yanke, domin mutum dubu biyar ɗin nan sun ɗauki kansu masu hannun jari a ƙungiyar. Wata guda bayan haka kamfanin EMI ya sa hannu da su. Kundin waƙoƙinsu na farko ya fito a Afrilu 1980, ya shiga na 4 a Birtaniya.

Smallwood ne kuma ya ga wani zane na Derek Riggs, wani ƙeƙasasshen mutum mai zare ido a bakin titi da dare. Ya ce a ƙara masa gashi, aka ɗora a bangon kundin, aka haɗa shi da sunan Eddie. Amfanin wannan a fili yake. Makaɗa suna tsufa, suna saɓani, suna tafiya, amma dodo na nan, kuma ana iya sa masa kayan kowane zamani: Fir'auna a 1984, mutum-inji a 1986, jarumin Jafan a 2021. Riga mai hotonsa tana tallar ƙungiyar a jikin wanda ya saya da kuɗinsa.

Kiɗan kansa yana da ginshiƙi biyu. Na farko shi ne abin da suke kira sukuwa, bugu ɗaya dogo da gajeru biyu a jere, ana maimaitawa da sauri kamar kofaton doki a fage. Harris da yatsu biyu yake yinsa, ba ya amfani da 'yar robar da yawancin masu jita ke riƙewa, kuma yana sa tsarkiyar ta bugi wuyan jitar don a ji ƙas-ƙas a saman kaurin sautin. Mai gangarsu na tsawon shekara 42, Nicko McBrain, da feda ɗaya yake bin wannan gudun a babbar gangar ƙafa, alhali yawancin takwarorinsa biyu suke takawa. Ginshiƙi na biyu jita biyu ne masu bin layin waƙa ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Wannan layin jama'a ke rerawa da baki ko da ba sa jin Turanci, shi ya sa filin wasa a Burazil ko Ajantina kan amsa kiɗan jita kamar ana amshi.

Mawaƙin da suka yi kundi biyu na farko da shi, Paul Di'Anno, ya kasa jure wahalar rangadi, shaye-shaye kuma suka shiga tsakaninsa da aiki, aka rabu da shi a 1981. Aka ɗauko Bruce Dickinson daga ƙungiyar Samson, mutum mai murya da ke hawa sama ƙwarai kuma mai wasan takobi na motsa jiki, wanda ke iya gudu daga wannan gefen dandamali zuwa wancan yana waƙa numfashi bai yanke ba. Kundin farko da shi, The Number of the Beast, ya fito a Maris 1982, ya zama na ɗaya a Birtaniya.

A nan zargin shaiɗanci ya samo asali. Sunan kundin daga littafin ƙarshe na Baibul aka ɗauko shi, bangonsa kuma na nuna Eddie yana juya Iblis da zare. A Amurka wasu ƙungiyoyin Kirista sun ƙona faifan, wasu sun farfasa shi da guduma, a 1992 kuma an hana su wasa a Chili bayan ƙorafin cocin Katolika. Harris ya bayyana cewa mugun mafarki ne ya haifi waƙar. McBrain kuwa tun 1999 Kirista ne mai riƙo da addininsa a fili. Mafi yawan waƙoƙinsu tarihi ne da yaƙi: sukuwar mahayan Birtaniya cikin bakin igwa a yaƙin Kirimiya a 1854, ramukan yaƙin duniya na farko, matuƙan jiragen yaƙi na 1940, abin da aka yi wa 'yan asalin Amurka. Duk da haka ba zan ce wa uba ya bar ƙaramin yaro da waɗannan hotuna ba. Akwai gawa, akwai jini, akwai wasa da siffar Iblis, kuma wanda zuciyarsa ta ƙi wannan saboda addini yana kan gaskiyarsa. Abin da nake so a bambance shi ne wasan kwaikwayo na tsoratarwa daban, bauta daban.

Rangadin da ya mayar da su manya ya fara ranar 9 ga Agusta 1984 a birnin Warso na ƙasar Folan, lokacin tana ƙarƙashin mulkin kwaminis, ya ƙare ranar 5 ga Yuli 1985 a Kalifoniya. Kwana 331, wasa sama da 180. An ƙera dandamalin kamar haikalin Masar ta dā, da akwatunan gawa, da zanen bango, a ƙarshe kuma wani ƙaton Eddie naɗe da likkafani mai tsayin kusan mita tara ya leƙo ta bayan mai ganga. A Janairu 1985 sun yi wasa a bikin Rock in Rio na farko a birnin Riyo na Burazil gaban ɗaruruwan dubban mutane, kuma tun daga ranar Kudancin Amurka ta zama gidansu na biyu. A Maris suka cika zauren Long Beach da ke Kalifoniya dare huɗu a jere.

Ina so in tsaya a nan in faɗi yadda ake kafa irin wannan dandamali a rana ɗaya, domin shi ne ainihin sana'ar, kuma tsarin bai sauya sosai ba har yau.

Tireloli kan iso da asuba, kuma tun daren jiya an loda su a jere yadda abin da za a fara buƙata shi ne a bakin ƙofa. Masu rataya ne ke fara shiga. Shugabansu yana auna ƙasan zauren, ya sa alama da alli a duk inda sarƙa za ta sauko, abokan aikinsa su hau ƙarafan rufi su ɗaura igiyoyin ƙarfe daidai saman kowace alama. A kowace sarƙa akwai injin ɗaga kaya, galibi mai ɗaukar tan ɗaya ko rabin tan. Idan alamar ta faɗo tsakanin ƙarfen rufi biyu, sai a haɗa igiya biyu su haɗu a tsakiya, kuma a nan ne mai ƙaramin sani ke kashe mutane. Gwargwadon buɗewar bakin igiyoyin, gwargwadon ƙaruwar nauyin da kowace ke ja. Idan kusurwar da ke tsakaninsu ta kai digiri 120, kowace igiya tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya, ba rabi ba. Shi ya sa ake karɓar takardar injiniyan ginin da ke faɗin abin da kowane ƙarfe zai iya ɗauka kafin a rataya ko fitila ɗaya.

Bayan sarƙoƙi sai gadojin alminiyam da ake jera fitilu a jiki. Ana haɗa su a ƙasa daidai ƙugu, a gwada kowace fitila, sannan a ɗaga. Kowace fitila tana da wata 'yar igiyar ƙarfe ta biyu ko da maƙalarta ta kwance. Sai lasifikoki, waɗanda a yau ake jerawa tsaye kamar carbi, ana karkata kowane akwati da 'yan digirori domin na sama ya jefa sauti kujerun nesa, na ƙasa ya shayar da na gaba. A lokacin da ake wannan, wasu na haɗa dandamalin a ɗaya ƙarshen zauren a kan tayoyi, idan sama ta kammala sai a turo shi ƙarƙashinta. Sannan ganguna da jitoci, a gwada waya ɗaya bayan ɗaya, makaɗa su zo gwaji da la'asar, a buɗe ƙofa da magariba. Wasa kusan awa biyu ne. Kwancewa takan ci awa biyu zuwa uku, direbobi su kwana a hanya.

Wutar lantarki ta sauti daban ake ja, ta fitilu daban. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, na'urorin rage hasken fitila kan zuba wani gurnani a cikin lasifika wanda babu yadda mai haɗa sauti zai yi da shi. A fili kuwa, matsalar nisa ce. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan aka kafa hasumiyar lasifika ta biyu mita 100 daga dandamali, dole a jinkirta sautinta da kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba na baya zai ji kowane bugun ganga sau biyu, sukuwar nan ta rikiɗe ta zama kwaramniya. Game da ƙarfin sauti kuma, ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka bayar shi ne desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wanda irin wannan wasa kan kai, minti 15 ke nan. Ma'aikacin da ba ya toshe kunne zai biya da jinsa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Eddie iri biyu ne a kowane wasa. Akwai mai tafiya, wato mutum ne a cikin sutura, tsaye kan ƙafafun ƙari, tsayinsa ya kai mita uku. Ba ya gani sosai, zafi na dafa shi, saboda haka mintoci kaɗan yake yi, kuma dole a share masa hanya daga wayoyi, don idan ya faɗi ba ya iya tashi da kansa. Sai babban, wanda ke fitowa daga bayan ganguna. Wani ana ɗaga shi da injin mai, wani kuma buhu ne na yadi mai ƙarfi da fanka ke hura wa iska ba tsayawa. Na hurawa ya fi sauƙin ɗauka, domin idan aka sace iskar yakan shiga akwati ɗaya, amma yana da maƙiya biyu, fitila mai zafi da kaifin ƙarfe. Ƙaramar yagewa fanka na iya rinjayarta, babba kuwa sai dodo ya langaɓe a gaban jama'a. Da wannan dabara suka rataya jirgin yaƙi samfurin Spitfire, kusan girman na gaske, a saman kawunansu a rangadin da suka fara a 2018.

Bayan dandamali kuwa, shekara da shekaru labule ne na yadi mai zane, kowace waƙa da nata, a jere a kan dogo, ana jan ɗaya a bayyana na bayansa. Dole yadin ya sha maganin hana kama wuta. A fili kuma labule tanti ne mai kama iska, don haka akan sa na'urar auna iska a saman rufin, a kuma yanke tun da rana cewa idan ta kai gudu kaza za a sauke labule, idan ta kai kaza za a kwashe mutane. A Agusta 2011 iska ta rushe rufin dandamali a bikin jihar Indiyana ta Amurka, mutum bakwai suka mutu, kuma jinkirin yanke shawarar kwashe jama'a na cikin abin da bincike ya nuna.

Wuta ita ce mafi haɗari. Iri uku aka fi amfani da su: harshen wuta na iskar gas da ke tashi daga bututu, tartsatsi mai feshi kamar maɓuɓɓuga, da abin fashewa mai ƙara kawai. Mai kunnawa dole ya kasance yana ganin wurin da idonsa. Na'urarsa tana da makulli, tana kuma da maɓallin da sai yana danne da shi sauran ke aiki, da ya ɗaga yatsa komai ya mutu. Ana manna tef a ƙasa don kowane makaɗi ya san inda ba a tsayawa, kuma duk sauyin da aka yi sai an zagaya da su an nuna musu kafin wasa. A Agusta 1992 a Montiriyal ta Kanada, James Hetfield na ƙungiyar Metallica ya ruɗe game da inda aka sa sabuwar wuta, ya tsaya a kanta, ya ƙone a hannu da fuska. Mafi muni shi ne na 20 ga Fabrairu 2003 a wani gidan rawa a jihar Rod Ailan ta Amurka, lokacin wasan ƙungiyar Great White. An kunna tartsatsi mai tashi ƙafa 15 na tsawon daƙiƙa 15 a ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soson hana ƙara mai saurin kamawa. Cikin 'yan mintoci ginin ya kama, jama'a suka cushe a ƙofar da suka shigo ta ita, mutum 100 suka rasu. Iron Maiden na kunna wuta a kusan kowane wasa, har Dickinson kan goya tulun gas ya feso wuta daga hannayensa biyu, amma a zaure mai tsayin rufi, da ma'aikata masu lasisi, da izinin hukumar kashe gobara ta garin.

Cunkoso ma ya taɓa su kai tsaye. Ranar 20 ga Agusta 1988 su ne manyan baƙi a bikin kiɗa na Donington a Ingila, inda mutum 107,000 suka taru a fili mai gangara da ruwan sama ya mayar taɓo. Da rana, lokacin wasan ƙungiyar Guns N' Roses, jama'a suka turo gaba, wasu suka zame, matasa biyu suka mutu a ƙarƙashin ƙafafu. Ba a faɗa wa Iron Maiden ba sai da suka sauka. Ba a yi bikin a 1989 ba, da aka dawo kuma aka rage yawan masu shiga. Shingen da ake amfani da shi yanzu yana da faranti a ƙasa wanda 'yan sahun gaba ke takawa, nauyinsu ne ke riƙe shi, a bayansa kuma akwai matakala da masu tsaro ke hawa su zaro wanda numfashinsa ya ɗauke. A babban taro akan ƙara wani shingen a tsakiya domin ya karya turin da ke tasowa daga baya.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Rangadin 1984 ya bar su a gajiye matuƙa, Dickinson ya fito daga cikinsa har yana tunanin barin waƙa, kuma babu rubutunsa ko ɗaya a kundin da ya biyo baya. Mai jita Adrian Smith ya tafi a 1990, Janick Gers ya maye gurbinsa, Dickinson ma ya tafi a 1993. Wanda aka ɗauko, Blaze Bayley, mawaƙi ne na gaske, amma muryarsa ta ƙasa ce, tsofaffin waƙoƙin kuma an rubuta su ne don murya mai hawa. Maganin da aka sani shi ne a sassauta tsarkiyar jitoci a sauko da waƙar daidai maƙogwaron mai rerawa. Ba a yi haka ba, muryarsa ta riƙa gazawa a hanya har aka soke wasanni, a Amurka kuma suka koma ƙananan wurare. Laifin a wurina na masu shawara ne, ba na Bayley ba. A 1999 Dickinson da Smith suka dawo, ba a kuma sallami Gers ba, aka zama masu jita uku tare da Dave Murray. A Janairu 2001 suka sake tsayawa a Riyo gaban mutum kusan 250,000.

Hawa na biyu ya zo da jirgin sama. Dickinson ya riga ya zama matuƙin jirgin fasinja a kamfanin Astraeus. Matsalar zuwa wurare irin Indiya da Kosta Rika da Kolombiya ita ce kuɗin jigilar kaya da kwanakin jira, ana biyan ma'aikata ba a wasa. A 2008 suka ɗauki hayar Boeing 757, aka cire kujerun baya aka mayar da wurin ma'ajiyar kaya mai ɗaukar kimanin tan 12, makaɗa da ma'aikata a gaba, mawaƙin na cikin masu tuƙi. Suka fara da Mumbai ranar 1 ga Fabrairu, suka yi wasa 23 cikin kwana 45. A 2016, bayan Dickinson ya warke daga cutar daji a harshe, suka koma Boeing 747. Ranar 12 ga Maris a filin jirgin Santiyago na Chili, ana jan jirgin zuwa shan mai sai ƙusar da ke sakin sitiyarin tayar gaba ta fice, ya ƙi bin kwana, ya afka wa motar da ke jansa. Ma'aikata biyu suka ji rauni, inji biyu suka lalace. Ba a soke wasa ko ɗaya ba, an nemi wasu jiragen da tireloli aka ci gaba, jirgin kuma ya dawo aiki bayan kimanin kwana goma da sababbin injuna. A wannan rangadin sun sauka har Afirka ta Kudu.

Yanzu kundinsu 17. Di'Anno ya rasu a Oktoba 2024. McBrain, wanda ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a Janairu 2023 ya kuma koma kan ganga cikin 'yan watanni, ya yi wasansa na ƙarshe na rangadi a Sawo Fawlo ta Burazil ranar 7 ga Disamba 2024, Simon Dawson ya hau kujerarsa. Rangadin cika shekara 50 ya fara a Budafes ta ƙasar Hungari a Mayu 2025, a Yuni kuma suka yi wasa a filin ƙwallon West Ham, kulob ɗin da Harris ya buga wa ƙwallo yana yaro. A wannan rangadin ne suka ajiye labulen yadi suka kafa manyan allunan bidiyo. Na fahimci dalili, domin allo na sauya hoto cikin ƙiftawar ido kuma na kujerar ƙarshe na gani. Amma allo haske yake fitarwa, labule kuwa haske yake karɓa, saboda haka da labule mai fitilu ne ke yanke abin da za a gani da abin da zai ɓuya a duhu, kuma idon mai kallo na komawa kan mutanen da ke kiɗa. Da za a tambaye ni, da na ce a bar ko da labule uku a cikin tirela.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum,
daga Kaduna